Wayar Hannu, Gidan Da Ba Shi Da Zaure

Mako uku bayan Babbar Sallar da ta wuce na je gida Kusada gaishe da iyaye. Ko ruwa ban gama sha ba aka ce mini Goggo tana cigiyata tun shekaranjiya. Goggo ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da jikokinta a wani ƙauye can wajen Yashe. Kiwo ne rufin asirinta. Da kaka takan sayi 'yan raguna, ta yi ta ɗawainiya da dusa da harawa har lokacin layya. A bana guda biyu ta sayar, dillali ya tura mata kuɗin cikin asusun bankin da aka buɗe mata a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi wuyar gani.

Na same ta a inuwar rumfa tana tsince wake. Bayan mun gaisa ta tambayi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kwance bakin zane ta fito da 'yar wayarta da katin banki. Da yake sunan mahaifinta gare ni, ba ta kama sunana. Ta ce, "Babana, duba mini abin nan. Na je wurin mai POS in ciri na sayen hatsi, ya ce wai babu ko kwabo."

Da na bi diddigi, ga abin da ya faru. Wata biyu kafin Sallah wasu samari sun zo ƙauyen da takardu da babbar waya, suka ce sunayen gajiyayyu da mata masu marayu suke ɗauka domin tallafi. Suka karɓi lambar NIN da BVN da lambar wayar kowace, suka ɗauki hotunansu, suka kama gabansu. Bayan Sallah da 'yan kwanaki sai wani ya kira Goggo da Hausa gangariya, ya ambaci cikakken sunanta, ya yi mata albishir cewa tallafi ya fito. Abin da ya rage kawai shi ne ta karanto masa lambobin da ke jikin katinta, da lambar sirri, da wasu lambobi da za su shigo wayar nan take. Goggo ba ta yi boko ba. Sai ta aika aka kira mata wani yaron maƙwabta ɗan sakandare, shi ya karanta wa mutumin komai dalla-dalla, yana murna ya yi aikin lada.

Ranar Litinin muka je banki, aka rufe katin, aka karɓi ƙorafi a rubuce. Har yau kuɗin ba su dawo ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne roƙon da ta yi mini a hanya, cewa kada in bari maganar ta fita, kada a ce kwaɗayi ya ja mata. Sai da na lallashe ta kafin ta yarda in yi wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ko na ƙauyen ba.

In ana maganar tsare sirri a zamanin waya, hankalinmu kan tafi ga wasu gwanayen kutse da ke zaune gaban kwamfuta a ƙasashen ƙetare. Suna nan, ba a musu. Amma a Kusada da Kankiya da garuruwa irinsu, mafi yawan asirin da ke tonuwa ta hannun mutane yake fita, hannun da muka miƙa wa waya da kanmu, ko bakin da ya karanta abin da bai kamata ya karanta ba. Sau da yawa kuma hannun nan da bakin nan namu ne, mu da ake ce wa mun yi karatu.

Yadda kakanninmu suka gina sirri

Bahaushe bai jira kowa ya koya masa tsare sirri ba, da ƙasa da azara ya gina shi. Dubi tsohon gida a cikin garin Kusada ko Kankiya. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Amini na ƙut-da-ƙut ya kai shigifa. Tsakar gida sai muharrami, ɗaka kuwa sai mai ɗaki da maigida, kuma ko a cikin ɗakan akwai akwatin da makullinsa ke ɗaure a bakin zane. Kowane mataki da irin sallamarsa. Addini ya zo ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi: Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba, har ta ware lokuta uku da yaran gida ma sai sun nemi izini, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Shi ya sa babbar addu'ar da za ka yi wa Bahaushe ya ji daɗi ita ce Allah Ya rufa masa asiri, kuma tun muna yara ake gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To sai ga wayar zamani ta kwashe zaure da shigifa da ɗaka da akwati ta zuba su wuri guda. Hoton amarya ba lulluɓi, muryar mahaifiya tana yi wa ɗanta faɗa, sakamakon gwajin asibiti, lissafin bashi, hirar neman aure, saƙon banki, duk suna kwance a ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya. Wanda ya sami ƙofar nan a buɗe, babu inda zai tsaya ya yi sallama.

Ba haka abin ya faro ba. A watan Agustan 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, layi ɗaya yakan kai wajen Naira 20,000, kuma aikinsa bai wuce kira da ɗan gajeren saƙo ba. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A Fabrairun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A Disambar 2020, zamanin da Malam Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, sannan a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Kowane mataki yana da hujjarsa ta tsaro, amma jimillarsu ta mayar da ɗan ƙanƙanin katin layin nan mabuɗin dukan gida. Wanda layinka ya faɗa hannunsa zai iya danna gajeriyar lambar da ake duba BVN ta fito masa nan take, kuma duk lambar tabbatarwa da banki zai turo wurinsa za ta zo.

Hannu nawa wayarka ta ratsa?

Mai karatu, ka lissafa hannun da waya ke ratsawa cikin wata guda a gari irin namu. Wuta ba ta zama, don haka waya takan yini a shagon mai caji, cikin wasu gomomi, an liƙa mata 'yar takarda. Daga nan ta je wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi, a jona ta da kwamfuta, komai na cikinta ya bayyana a allo. In fuska ta fashe ta kwana wurin mai gyara, wanda yakan nemi lambar buɗewa don ya gwada aikinsa. A wurin mai POS, tsofaffi da yawa miƙa kati suke yi su faɗi lambar sirri da ƙarfi, layi na saurare. A shagon kwamfuta, ɗalibi mai cike fom ɗin JAMB ko na neman aiki yakan bar wa mai shago adireshin imel da kalmar sirri da kwafin takardar NIN, ya tafi bai ko fita daga asusun ba. Ni da kaina na taɓa sayen ƙosai aka ƙunshe mini a takardar da ke ɗauke da sunan wata baiwar Allah, da ranar haihuwarta, da lambar wayarta.

Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i 'yan'uwanmu ne, masu neman halal, masu riƙon amana. Sai dai wake ɗaya ke ɓata gari, kuma abin da ya fita daga waya zarar bunu ne. Manya ba su manta da 2007 ba, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga hannu zuwa hannu a Kano, ya girgiza masana'antar fina-finan Hausa baki ɗaya, ya jawo takunkumi a kan ɗaruruwan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A lokacin babu WhatsApp, babu TikTok. Yau abin da ya ɗauki makonni yana yawo a Kano, kafin la'asar ya kai Maraɗi da Agadas.

Bayanan da aka karɓa wurin su Goggo kuwa haja ce mai kasuwa. A 2024 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan Naira 100, har ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Dokta Bosun Tijani, a wannan farashi. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, amma ta gargaɗi jama'a game da irin waɗannan shafuka. A 2025 kuma Hukumar EFCC ta ja kunne kan matasan da ke bi suna sayen NIN da BVN na mutane a kan Naira 1,500 zuwa 2,000, a buɗe asusu da su a riƙa wuce da kuɗin damfara. Ranar da bincike ya tashi, ƙofar wanda sunansa ke kan asusun za a ƙwanƙwasa, ko da bai taɓa ganin kuɗin ba.

Sirrin da ke wayarka ba naka kaɗai ba ne

Akwai wani abin da ya same ni wanda ya sauya mini tunani. Wata safiya saƙo ya shigo mini daga baƙuwar lamba, da hoton wani abokina malamin firamare, an rubuta cewa ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu, duk wanda ya san shi ya yi hattara. Ashe lokacin haihuwar matarsa albashi ya yi jinkiri, ya sauke wata manhajar ba da rance ya karɓi abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Kafin a ba shi, manhajar ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa da hotunansa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Da ya yi lattin mako ɗaya, saƙon nan ya je wa surukinsa, da shugaban makarantarsu, da limamin unguwa, da iyayen ɗalibansa. Sai da ya yi wata guda bai zo majalisa ba.

Na tausaya masa ƙwarai, amma na lura da wani abu. Ni ban ci bashin kowa ba, ban sauke manhajar kowa ba, ga shi lambata da sunana suna hannun mutanen da ban sani ba. Abokina ne ya ba da su, da yatsa ɗaya, bai kuma san ya ba da ba. Haka kowannenmu yake. Lambar ƙanwarka, hoton matar yayanka a wurin biki, muryar abokinka yana gaya maka damuwarsa, duk ajiya ce aka ba ka. In ka bar wayarka a buɗe, da amanar mutane ka yi sakaci.

Hukuma ta taɓuka a wannan fanni. A Agustan 2021 Hukumar NITDA ta ci wani kamfanin rance mai suna Soko Lending tarar Naira miliyan 10 saboda irin wannan tozarci. A Maris 2022 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma har gobe ana tura wa matasa irin waɗannan manhajoji ta WhatsApp ko daga waya zuwa waya, inda wannan hani bai kai ba.

A jiharmu ta Katsina kuwa maganar ta wuce dukiya da mutunci, ta kai ga rai. Mun ga yadda a Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-ma, Kurfi, Safana da Batsari, saboda rawar da waya ke takawa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Duk da haka sai ka ga matashi ya ɗora hoton sabuwar motar mahaifinsa da lambarta, ko ya sanar wa duniya cewa gobe da asuba Alhaji zai kama hanyar Kano. Mai kai rahoto na zamani ba ya buƙatar laɓewa a bayan danga, mu muke kai masa labari har inda yake kwance.

Doka tana Abuja, Goggo tana ƙauye

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa Hukumar NDPC ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji. Dokar ta ba ka haƙƙin sanin dalilin da ya sa ake karɓar bayananka, da haƙƙin janye amincewarka, da neman a gyara ko a goge su, ta kuma wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin awa 72 in an yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane. Ko manyan kamfanonin duniya ba su tsira ba, domin a Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220.

Wannan ci gaba ne, amma Goggo ba ta san da zaman NDPC ba, samarin da suka ɗauki sunanta kuma ba su bar adireshi ba. Don haka akwai aikin da sai a gida za a yi shi. Ina kira ga majalisun ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya, da iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, su kafa ƙa'ida cewa duk mai zuwa ɗaukar sunaye da sunan tallafi sai ya biyo ta hannun dagaci da takardar hukumar da ta turo shi, a rubuta sunansa da lambarsa, a kuma tabbatar daga sakatariya kafin a tara masa mata. Limamai su sa maganar a huɗuba, malaman Islamiyya su kai ta ajin matan aure, gidajen rediyo irin su Rediyon Jihar Katsina da Companion FM su riƙa maimaita ta da Hausa da Fulfulde.

Na san wani zai ce mai gaskiya ba ya kulle waya, wanda ya sa lambar sirri akwai abin da yake ɓoyewa. Wannan magana ta raba ma'aurata da yawa, ta kuma sa wasu barin waya a buɗe don gudun zargi. Amsata ita ce, kakanninmu ba don ana aikata ɓarna a cikin gida suka gina zaure ba, sun gina shi ne don gidan yana da daraja. Yadda miji da mata za su yi da wayoyinsu shawara ce tsakaninsu. Amma kulle waya daga ɓarawo da ɗan leƙen asiri ba alamar rashin gaskiya ba ce.

Zauren da kowa zai iya ginawa

Na farko, a sa wa waya makulli, a kuma sa wa katin layin kansa lambar sirri, domin ɓarawo layi yake cirewa ya sa a wata wayar. A adana katin da layin ya zo a jikinsa, don lambar PUK da ke kansa ita ke buɗe layi in an yi kuskure sau uku. Na biyu, lambar tabbatarwa da ta shigo waya, ta banki ce ko ta WhatsApp, ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake, ko daga ofishin tallafi, ko daga zauren tsofaffin ɗalibai. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Na uku, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel, aikin minti biyu ne. Na huɗu, kafin a ba da waya caji ko gyara a cire layi da memori, kafin a sayar da ita kuma a fita daga dukan asusu a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, domin abin da aka goge sama-sama ana iya dawo da shi. Na biyar, in manhajar tocila ko ta wasa ta nemi ganin lambobinka da hotunanka, ka tambayi kanka me ya haɗa kifi da kaska. Na shida, kowa ya san gajeriyar lambar da bankinsa ya tanada don rufe asusu daga kowace waya, ya rubuta ta a takarda ya ajiye a gida. In kamfanin layi ya ƙi sauraron ƙorafi, NCC tana da lambar kira kyauta, 622.

Na bakwai kuwa ba a cikin waya yake ba. Kada ka ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba, ko a biki, ko a asibiti, ko a wurin haɗari. In asirin wani ya faɗo wayarka, ya mutu a wurinka.

Ga ɗalibai da malamai da ma'aikata masu karanta wannan shafi, mu ne ake kira a karanta saƙo, mu ke buɗe wa iyaye asusu, mu ke cike wa maƙwabta fom, lambar sirrin tsofaffi da yawa tana cikin kawunanmu. Ko mun so ko ba mu so ba, mu ne zauren gidajen nan. Yaron da ya karanta wa ɗan damfara lambobin Goggo ba mugu ba ne. An koya masa karatu, ba a koya masa abin da ba a karantawa ba. Tun ranar da abin ya faru ya daina bi ta ƙofar gidanta don kunya. Da na koma na sa aka kira shi, muka zauna a zauren gidan, na nuna masa abubuwan da na lissafa a sama ɗaya bayan ɗaya, na ce ya koya wa 'yan ajinsu. Goggo ta leƙo ta ce masa, "Ɗan nan, ba kai ka ci ba. Ka ci gaba da shigowa."

Mun haɗa mata abin da ya sawwaƙa ta sayi ɗan tunkiya guda, ta sake sabon lale. Sabon katinta yana cikin akwati, lambar sirrin tana cikinta. Rannan wani ya sake kira da albishir ɗin tallafi, ta ce masa ya zo ya sami dagaci, ta kashe wayarta.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke aljihunmu.